Magani ɗaya, jiki daban: me ya sa maganin tarin fuka ke kayar da wani ya bar wani?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga likitocinmu da duk wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka. Yayana da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, an same su da tibi kusan lokaci guda, aka ɗora su kan magani iri ɗaya, ƙwaya huɗu kowace safiya, don nauyinsu kusan ɗaya ne. Ƙanen nawa yana sha yana harkokinsa, in ban da fitsarinsa da ya koma ja babu abin da ya dame shi. Shi kuwa Yaya tun ba a rufe wata biyu ba ya fara amai, ya daina cin abinci, idonsa ya koma ɗorawa. Aka gwada jini aka ce hanta ce, aka tsayar da maganin. Ba ya shan giya, an gwada ciwon hanta na B da C babu. Likitan ya ce mai yiwuwa jikinsa ne ba ya sarrafa maganin da wuri, wai gado ne. To in gado ne, ai gadonsu ɗaya. Ta yaya zai kama ɗaya ya bar ɗaya?

AbuMaryam:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba su lafiya, ya sa kaffara ne.

Gaskiya_Dokin_Ƙarfe:
Hajiya ki fara bincika maganin da aka ba Yayan naku. Ko jabu ne, ko ya lalace a ajiya. Likita in ya rasa abin faɗa sai ya ce gado.

Ummu_Haidar:
Malam, wuri ɗaya suke karɓa, rana ɗaya, daga kwali ɗaya ma ake ciro musu.

LikitanƘirji:
Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Abin da likitansu ya faɗa yana da tushe, kuma ba sabon ilimi ba ne.

Kowace ƙwaya da suke sha haɗin magani huɗu ce: isoniyazid, rifamfisin, firazinamid da etambutol. Wata biyu ake shan huɗun, sannan wata huɗu a ci gaba da biyun farko. Wanda zancen gado ya fi shafa shi ne isoniyazid. Akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke sarrafa abubuwa a jiki, da hanta ke ƙerawa mai suna NAT2, shi ke kama isoniyazid ya canza shi yadda ƙoda za ta fitar da shi a fitsari. Umarnin ƙera wannan enzayim yana cikin ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 8, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da gado a jikin mutum, kuma kowannenmu kwafi biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Ki ɗauke su kamar leburori biyu da aka sa su kwashe yashi. Wani an ba shi majiya ƙarfi biyu, kafin a ankara sun gama. Wani an ba shi mai ƙarfi ɗaya da rago ɗaya. Wani kuwa ragwaye biyu ya samu, yashin na nan jibge har a sake kawo wani. Haka mutane suka kasu uku: masu saurin sarrafawa, 'yan tsaka-tsaki, da masu jinkiri. A jikin mai sauri, adadin isoniyazid a jini yana raguwa da rabi cikin kusan awa ɗaya. A jikin mai jinkiri yakan ɗauki wajen awa uku, wani ma fiye.

Yanzu batun uwa ɗaya uba ɗaya. Idan mahaifinku da mahaifiyarku kowannensu yana da kwafi mai sauri ɗaya da mai jinkiri ɗaya, to kowane ɗa da suka haifa yana da damar ɗaya cikin huɗu ya fito mai jinkiri, ɗaya cikin huɗu mai sauri, biyu cikin huɗu ɗan tsaka-tsaki. Kowace haihuwa rabonta daban. Don haka ba abin mamaki ba ne wa da ƙane su bambanta.

Amma kada mu yanke hukunci. Uku daga cikin magungunan huɗu suna iya taɓa hanta, kuma firazinamid ma ba baya ba ne a wannan fanni. In ba gwaji aka yi ba, "mai yiwuwa" ɗin da likitansu ya ce shi ne daidai.

Zee_Zee:
Likita ni AS ce, kuma jinina O. Ke nan ina cikin masu jinkirin?

Ɗan_Lab:
@Zee_Zee babu abin da ya haɗa su, 'yar'uwa. Da an ce jinotaif sai hankalin mutane ya tafi AA da AS da SS, alhali wannan ƙwayar gado ɗaya ce tak cikin wajen dubu 20 da ke jikin mutum. Ta sikila tana kan kuromosom na 11, NAT2 tana kan na 8. Rukunin jini ma nasa wurin daban. Za ki iya zama AA mai jinkiri, za ki iya zama AS mai sauri.

Tsohon_Ma'aikaci:
Likita, ka gafarce ni, ni abin da aka koya mana ya saɓa da naka. An ce mana masu SAURIN ne hantarsu ta fi shan wahala, saboda su ke saurin mayar da maganin ya zama sinadari mai guba. Shekaru da dama na yi ina raba wannan magani, kuma haka muka haddace.

Famasist_Bello:
Baba, ranka ya daɗe, abin da ka haddace ya taɓa zama ra'ayin manyan masana. A shekarun 1970 aka kawo wannan bayani, kuma da jinsa yana da ma'ana: NAT2 yana mayar da isoniyazid ya zama asetil-isoniyazid, daga nan a samu asetil-haidarazin, wanda ke iya cutar da hanta. Sai aka ce to mai sauri ai shi zai fi tara shi.

Abin da aka gano daga baya shi ne NAT2 ɗin nan dai shi ke sake kama asetil-haidarazin ya mayar da shi wani abu marar illa. Wato mai sauri yana ƙera gubar da wuri, yana kuma kawar da ita da wuri. Shi kuwa mai jinkiri matsala biyu gare shi: gubar tana daɗewa a jikinsa, sannan isoniyazid da ya yi saura yana bin wata hanya ta daban ya koma haidarazin kai tsaye, wanda shi ma guba ne ga hanta. Da aka samu damar duba ƙwayar gadon kanta, binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ya karkata ga cewa masu jinkiri ne suka fi shiga haɗarin ciwon hanta.

Tsohon_Ma'aikaci:
To, ɗana. Kowane zamani da littafinsa. Ni dai na ga ƙarfafan samari da idonsu ya yi ɗorawa, na ga tsofaffi raunana da suka shanye wata shida lafiya lau.

Famasist_Bello:
Wannan kuma bai ci karo da maganata ba, Baba. Ƙarfin damtse ba ya nuna saurin hanta.

Hajiya_Binta:
Ni hanta ba ta dame ni ba lokacin da na sha, ƙafa ce. Tafin ƙafata ya riƙa raɗaɗi da tsikari, da daddare ko mayafi ba na son ya taɓa ta. Na zaci sanyi ne ya kama ni. Da na faɗa wa nas sai ta ƙara min wata 'yar ƙaramar ƙwaya, a hankali abin ya lafa. Shi ma gadon ne?

Nas_Hauwa:
Sannu Hajiya. Bitamin B6 aka ba ki, ana kiransa firidoksin. Isoniyazid yana cinye B6 na jiki, jijiyoyi kuwa ba sa aiki daidai in babu shi, kuma daga ƙafa abin ke farawa. Masu jinkirin sarrafawa sun fi samun wannan, don maganin ya fi daɗewa a jininsu. Amma ko ba gado akwai waɗanda tun ranar farko ya kamata a haɗa musu da B6: mai juna biyu da mai shayarwa, mai ciwon suga, mai HIV, mai shan giya, mai ciwon ƙoda, da wanda ya rame ƙwarai. Miligiram 10 zuwa 25 a rana ya wadatar don rigakafi.

Abin da ke ba ni haushi, mutum zai yi makonni yana fama da ƙafa bai faɗa ba, wai kada a ce ya cika ƙorafi. In aka bari ta yi nisa, ba kullum take komawa daidai ba.

Sarkin_Yaƙi:
To ai magana ta ƙare. Duk wanda ya ji maganin ya yi masa ƙarfi ya raba ƙwayar biyu ya sha rabi. Jikinsa ya riga ya gaya masa shi mai jinkiri ne.

Nas_Hauwa:
@Sarkin_Yaƙi don girman Allah ka goge wannan. Wani zai karanta ya aikata.

Famasist_Bello:
Malam Sarkin Yaƙi, ƙwayar nan haɗi ce. Kowace ɗaya tana da rifamfisin 150, isoniyazid 75, firazinamid 400, etambutol 275, duk miligiram. Ka rage ta, ka rage duka huɗun. Rifamfisin kuwa ba ruwansa da NAT2, kuma shi ne ƙashin bayan maganin. Ka rage shi, ka ba ƙwayar cutar filin da za ta bijire, daga nan sai tibi mai jure magani, wanda wahalarsa ta ninka ta farko. Kuma tashin zuciya a makon farko ba shaida ba ce cewa kai mai jinkiri ne, mutane da yawa suna jinsa ya wuce.

Admin:
An cire shawarar rage magani. Ana iya muhawara, amma babu mai canza wa wani kashin magani, wato yawan da yake sha, a gidan nan.

Sarkin_Yaƙi:
Shi ke nan, mun yi shiru. Likitoci sun fi mu sani.

Na_Warke:
Ku bar ni in kawo ɗaya gefen, don duk kun tattara kan waɗanda magani ya yi wa yawa. Ni a gaban ma'aikaciya nake haɗiye nawa, tana sa hannu a kati. Ban taɓa tsallake rana ba. Da aka gwada majina bayan wata biyu sai ga ƙwayar cuta tana nan. Wani ma'aikaci ya dube ni ya ce "faɗi gaskiya, kana tofarwa ko?" Wallahi har yau maganar tana min ciwo. Daga baya na warke, amma ina so in sani, zai yiwu mutum ya sha daidai maganin kuma ya kasa isa?

LikitanƘirji:
Zai yiwu ƙwarai, Malam, kuma bai kamata a yi maka wannan magana ba. Da farko, samun ƙwaya a majina a ƙarshen wata na biyu ba ya nufin magani ya gaza. Wanda cutar ta yi wa rami a huhu yakan daɗe kafin ya wanke, kuma madubin awo ba ya bambance matacciyar ƙwaya da mai rai.

Na biyu, mutum biyu su sha ƙwaya ɗaya, a auna jininsu a ga bambanci mai yawa. Mai saurin sarrafawa isoniyazid ba ya daɗewa a jikinsa. An ga haka ƙarara a cibiyar binciken tarin fuka ta Madras a Indiya, wadda aka kafa a 1956, garin da yanzu ake kira Cennai. Sun gwada ba da isoniyazid da allurar sitireptomaisin sau ɗaya a mako, sai tsarin ya yi wa masu jinkiri aiki sosai, ya gaza ga da yawa daga masu sauri. Sau biyu a mako kuwa bambancin bai fito haka ba. Yana cikin dalilan da suka sa shan kullum ya fi aminci.

Sannan ba gado kaɗai ke rage magani a jini ba. Shansa a kan abinci yana rage yadda hanji ke tsotsar isoniyazid da rifamfisin. Gudawa mai daɗewa, ciwon suga da HIV duk suna iya taka rawa. Gaskiya ne akwai masu tsallake magani, ina ganinsu. Amma saurin ɗora laifi kan majinyaci ya fi sauƙi a kan bincike, shi ya sa ake yawan yinsa.

Gaskiya_Dokin_Ƙarfe:
Na ji an ce akwai na'urar GeneXpert da ke gwada ƙwayoyin halitta cikin awa biyu. In da gaske ana son taimakon mutane, me ya hana a sa ta ta faɗi wane ne mai sauri wane ne mai jinkiri?

Ɗan_Lab:
Malam Gaskiya, halittu biyu ne ke da ƙwayoyin gado a wannan zance, mutum da ƙwayar cutar. Gwajin majina na GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, na ƙwayar cutar yake dubawa. Yana gano ko akwai tibi, sannan ya leƙa wani wuri a jikinta mai suna rpoB, inda canji ke sa ta daina jin rifamfisin. Bijire wa isoniyazid kuma yawanci daga katG ko inhA yake, su ma na ƙwayar cutar ne. NAT2 naka ne kai majinyaci, daga jininka ko yawunka za a duba shi, da kayan gwaji na daban.

Wani abin sha'awa: isoniyazid da kansa ba ya kashe komai. Sai ya shiga cikin ƙwayar cutar, enzayim ɗinta na katG ya kunna shi, sannan ya hana ta gina bangon jikinta. Don haka tsere ake yi, hantarka tana ƙoƙarin kawar da shi, shi kuma yana neman isa ga ƙwayar kafin a kawar da shi.

Ɗalibin_Kimiyya:
Don ƙarin bayani, tun bayan fara amfani da isoniyazid a 1952 likitoci suka lura mutane sun bambanta wajen fitar da shi. A 1960 Evans da Manley da McKusick suka wallafa binciken iyalai da ya nuna gado ne, kuma jinkirin ba ya bayyana sai an gaji kwafi biyu. Yana cikin misalan farko na fannin nazarin yadda gado ke shafar aikin magani.

Yawan masu jinkiri kuma ya bambanta tsakanin al'ummu. A Turai kusan rabin mutane ne ko fiye da haka kaɗan. A Japan da Koriya da Sin tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. A Masar an samu sama da kashi 70. Mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara kuwa kusan dukansu masu sauri ne.

Mai_Shakka:
To ga mafita mai sauƙi ke nan. Kowace ƙasa ta duba inda mutanenta suka fi yawa ta tsara kashinta. Me ya sa Bajapane da Bamisire za su sha abu ɗaya?

Ɗan_Lab:
@Mai_Shakka koma ka karanta saƙon farko. Mutum biyu ciki ɗaya sun bambanta, ina ga ƙasa guda? In ka rage kashi a Masar, ka cuci mai saurin da ke cikinsu. In ka ƙara a Japan, ka jefa mai jinkirinsu ɗaya cikin goma a haɗari. Alƙaluman al'umma suna gaya maka ƙwaya nawa za ka yi oda, ba sa gaya maka halin wanda ke zaune gabanka.

Afirka ma ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutanenta. Nau'o'in NAT2 masu jinkiri da aka fi sani su ne *5 da *6 da *7 da *14. Shi *14 kusan a jinin 'yan Afirka kaɗai ake samunsa. Idan aka ɗauko kayan gwajin da ba sa duba shi, sai su ce mutum mai sauri ne alhali ba haka ba ne. Gwajin da ya ba da amsar ƙarya gara ma ba a yi shi ba.

Zee_Zee:
Ni in na sha kofi da yamma ba na barci sai tsakar dare. Wata ta ce min da kofi ake gane masu jinkirin. Na shiga ke nan?

Famasist_Bello:
Ba ki shiga ba tukuna, ƙanwata. Gaskiya ne akwai gwajin da ake ba mutum sinadarin kafeyin da ke cikin kofi sannan a auna ragowarsa a fitsari don a gane saurin NAT2. Amma abin da ke hana ki barci aikin wani enzayim ne daban, CYP1A2, shi ke fara karya kafeyin ɗin. NAT2 a can ƙarshen layi yake shigowa.

Mai_Shakka:
Har yanzu ban ji wanda ya nuna min an gwada gadon mutum, an canza masa kashi, an ga amfani ba. Duk bayani ne na allo.

Famasist_Bello:
An yi. Akwai gwajin da aka yi a Japan, aka wallafa a 2013, majinyata 172. Aka raba su biyu. Rukuni ɗaya aka ba su kashin kowa, wato miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɗaya rukunin aka duba NAT2: mai jinkiri 2.5, ɗan tsaka-tsaki 5, mai sauri 7.5. Mafi yawan masu jinkirin da suka sha kashin kowa sun samu matsalar hanta, cikin waɗanda aka rage wa kuwa ba a samu ko ɗaya ba. A ɓangaren masu sauri, rashin samun sauƙi a makonnin farko ya sauko daga kashi 38 cikin ɗari zuwa 15.

Ni a ra'ayina wannan ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci. Isoniyazid ya haura shekara 70 a hannunmu, mun san dalilin bambancin tun 1960, amma har yau sikeli kaɗai muke tambaya kafin mu ba da kashi.

LikitanƘirji:
A nan ni da Malam Bello za mu ɗan rabu. Sakamakon yana da kyau, ban musa ba. Amma masu jinkirin da ke cikin gwajin 'yan kaɗan ne, ƙasa ɗaya ce, kuma ba jama'ar da HIV da yunwa suka yi wa katutu ba ce. Sama da mutum miliyan 10 ke kamuwa da tibi kowace shekara a duniya, sama da miliyan ɗaya na mutuwa, kuma da yawansu ba illar magani ta kashe su ba, rashin gano cutar da wuri ne. Ƙwayar haɗin nan da muke kuka da ita, an yi ta ne don kada mutum ya zaɓi ɗaya ya bar uku, kuma ta ceci rayuka. Ranar da ka ce kowa da nasa kashin isoniyazid, ka dawo da ƙwayoyi barkatai, ka buɗe ƙofar kuskure a kowane ƙaramin asibiti. Shi ya sa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya bai sa gwajin NAT2 cikin sharuɗɗan fara magani ba.

Kuma mafi yawan masu jinkiri suna gama wata shidansu hantarsu ƙalau. In za a ba ni zaɓi, na fi son kowane majinyaci ya san alamomi huɗu, amai, rashin cin abinci, fitsari mai duhu da idon ɗorawa, kuma a iya gwada masa hanta a ranar da ya kawo ƙorafi.

Famasist_Bello:
Likita, alamomin da ka lissafa suna zuwa ne bayan ɓarna ta fara. Gwajin gado sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma ba tibi kaɗai zai amfana ba. NAT2 ɗin nan shi ke sarrafa haidaralazin na hawan jini, da dafson, da wasu magungunan salfa.

Hajiya_Binta:
Ku tsaya, ya za a yi mutum ya gane fitsari mai duhu, bayan maganin da kansa yana mayar da shi ja?

Nas_Hauwa:
Tambaya mai kyau, Hajiya. Jan rifamfisin ruwan lemo ne, yana fitowa bayan an sha magani ya riƙa dusashewa zuwa dare, har gumi da hawaye yana rinawa, kuma mutum yana jin kansa lafiya. Na hanta ruwan ƙasa ne mai duhu, ba ya washewa, yana zuwa da kasala da tashin zuciya. A duba farin ido a hasken rana. In ana kokwanto a je a gwada. Ka'idar da aka saba bi, idan awon hanta ya ninka iyakarsa sau uku tare da alamomi, ko sau biyar ko babu alama, ana dakatar da magani.

Tunda mata na nan, bari in ƙara wannan ko da ba gado ba ne: rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa saurin karya wasu magunguna, ciki har da ƙwayar tsarin iyali da ashanar hannu. Mata da dama sun samu ciki suna tsakiyar maganin tibi saboda ba a gaya musu ba.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, yanzu idon Yaya ya fara washewa, an ce za a mayar da shi kan magani. Gabanmu na faɗuwa. Ba abin da ya kayar da shi za a sake ba shi ba? Ko mu nemi gwajin nan tukuna?

LikitanƘirji:
Ba a mayar da huɗun a lokaci guda ga wanda ya yi ciwon shawara sosai, Hajiya. Ana jira awon hanta ya sauko, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya ana gwada jini, yawanci a fara da rifamfisin, isoniyazid ya biyo. Sau da yawa akan bar firazinamid gaba ɗaya, sai a tsawaita magani zuwa wata tara. Mutane da yawa suna karɓar isoniyazid a karo na biyu ba tare da matsala ba. Ni ba zan jinkirta magani don jiran gwajin gado ba, tibi ba ya jira, kuma yana cikin gida da mutane.

Famasist_Bello:
Kada a jinkirta, na yarda. Amma in gwajin na samuwa, mutum irin Yayanki shi ya fi cancanta a yi wa, a kai wa likitansa sakamakon ya yanke shawara.

Baba_Alhaji:
'Ya'yana ina jinku. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, allurar tibi aka yi mata a zamanin da, ta warke amma ta kurumce. Ƙanenta ma haka ya faru da shi. Wannan hantar ce ita ma?

LikitanƘirji:
Allah ya gafarta mata, Baba. Wannan ba hanta ba ce. Sitireptomaisin da danginsa irin su kanamaisin da amikasin suna lalata jijiyar ji a cikin kunne, kuma suna iya yi wa kowa haka in an daɗe ana yi. Amma akwai wani canjin gado da ake kira m.1555A>G da ke sa wasu su kurumce ko da allura kaɗan. Shi ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, uba ba ya bayarwa. Tunda ita da ƙanenta ne, kai da 'yan'uwanka da 'ya'yan da 'yan'uwanka mata suka haifa ku riƙa gaya wa likita wannan tarihi kafin a yi muku allura irin jentamaisin. Ko tibi mai jure magani yanzu an koma na haɗiya, tun 2022 akwai tsarin wata shida da babu allura a ciki.

Mai_Rai_Da_Fata:
Mu masu shan maganin HIV fa? Lokacin da nake kan efabirenz aka haɗa min da na tibi, jiri da munanan mafarkai suka kusa zautar da ni.

Famasist_Bello:
Sannu, ɗan'uwa. Efabirenz enzayim ɗin CYP2B6 ke karya shi, kuma nau'insa mai jinkiri ya fi yawa a 'yan Afirka fiye da Turawa. Wanda nasa ke jinkiri yana dogara da wata ƙaramar hanya ta biyu, isoniyazid kuma yana toshe wannan hanyar. In aka yi rashin sa'a mutum mai jinkiri ne a CYP2B6 da NAT2 duka biyun, efabirenz sai ya taru a jini, ga jiri ga mafarkai. Yanzu da aka koma dolutegirabir matsalar ta juya: rifamfisin ke rage shi, shi ya sa ake shan miligiram 50 sau biyu a rana maimakon sau ɗaya. Masu farfaɗiya da ke shan fenitoyin su ma su sanar da likita, isoniyazid yana sa ya taru, musamman ga masu jinkiri.

Ɗalibin_Kimiyya:
Likita, wani abu ya ɗaure min kai. Ka ce a Madras shan sau ɗaya a mako ya gaza ga masu sauri. Amma maganin rigakafin da ake ba waɗanda suka zauna da mai tibi, na wata uku, ai sau ɗaya a mako ne, kuma da isoniyazid a ciki.

LikitanƘirji:
Abubuwa uku suka bambanta su. A Madras masu ciwo ake yi wa magani, huhunsu cike da ƙwayar cuta, shi kuwa rigakafi ana ba wanda ƙwayar ke kwance a jikinsa 'yar kaɗan. Abokin tafiyar ma ya canza, rifafentin ne, ɗan'uwan rifamfisin da ke daɗewa a jini sosai, shi ke riƙe da makon. Sannan ana auna nasara ne da hana ciwo tashi, ba warkar da rami a huhu ba. Sha 12 ne cikin mako 12, isoniyazid ɗin babba yana kai miligiram 900 a sha ɗaya, kuma ana so a haɗa da B6.

Mai_Shakka:
900 a sha ɗaya, ga mutumin da lafiyarsa ƙalau, kuma ba a san mai sauri ne ko mai jinkiri ba. Malam Bello, kai ka amsa wannan, Likita ya riga ya faɗi ɓangarensa.